Me Ke Kawo Husufin Rana?

Ƴan'uwa masu koyon karatu, kuna tune da ranar Laraba, 29 ga Maris 2006? Da hantsi, hasken rana ya dushe a Tsarnawa, Ƙonni, Malbaza da Illela. A Katsina kuwa, duhu ya rufe gari sarai. Wannan shi ne husufin rana.

Ga yadda abin yake. Duniya tana zagaya rana, wata kuma yana zagaya duniya. Wani lokaci wata yakan shiga tsakanin rana da duniya, sai inuwarsa ta faɗo mana.

To, yaya wata zai rufe rana, alhali ta fi shi faɗi wajen sau 400? Dalili shi ne ta fi shi nisa sau 400. Ku ɗaga faifai kusa da fuskarku, za ku ga ya ɓoye muku rumbu.

Husufi ba ciwon rana ba ne, amma kallonsa da ido tsirara yana ƙona ido, har ya kawo makanta. Baƙin tabarau ba ya tsarewa. Ku gargaɗi yaranku. Ku duba ƙarƙashin itace: hasken da ke ratsa ganye zai nuna muku siffar husufin a ƙasa.