Cooper Black: Baƙi Mai Ƙiba Da Ya Haura Shekara Ɗari

Duk wanda ya saba duba allunan shaguna, ko takardun talla, ko rigunan yara masu rubutu a ƙirji, to ya taɓa yin ido huɗu da wasu haruffa masu ƙiba, masu kumatu, kamar an hura musu iska. Sunan wannan samfurin rubutu Cooper Black. A wannan watan mun ga ya dace mu kawo muku tarihinsa, da inda yake da amfani, da kuma inda yake ba mu matsala mu masu rubutu da Hausa.

Wanda ya zana shi wani Ba'amurke ne, Oswald Bruce Cooper, wanda aka haifa a 1879, ya rasu a 1940. A birnin Shikago ya koyi zanen haruffa a hannun shahararren gwanin nan Frederic Goudy, kuma a nan ya yi sana'arsa ta rubuta tallace-tallace da hannu. A 1922 kamfanin Barnhart Brothers & Spindler, mai ƙera wa maɗaba'u haruffan dalma, ya fito da Cooper Black kasuwa. Kalmar ta biyu a sunan, a bakin masu ɗab'i, tana nufin harafi mafi kauri, wanda ya fi shan tawada.

To, mene ne sirrinsa? Da farko dai ba shi da kusurwa mai kaifi. Ƙafafun haruffan a dunƙule suke, sai ka ce an murza su da hannu. Na biyu, farin da ke cikin harafin "o" ɗan ƙarami ne, kuma ya karkata baya. Na uku, ɗigon da ke kan "i" da "j" ya yi kama da ƙwai. Waɗannan abubuwa su ne suka sa rubutun yake da fara'a, yana kiran mutum daga nesa ba tare da ya tsorata shi ba. Bugu da ƙari, da yake ba shi da siraran layuka, ko tawada ta yi yawa, ko takarda ba ta da kyau, harafin ba ya ɓacewa. Shi ya sa tun farko aka tallata shi ga maɗaba'un da abokan cinikinsu ba sa gani sosai daga nesa.

Bayan tashensa na shekarun 1920 ya ɗan ja baya, sa'an nan mawaƙa suka farfaɗo da shi. Ƙungiyar The Beach Boys ta sa shi a bangon faifanta Pet Sounds a 1966, The Doors suka bi sahu da L.A. Woman a 1971. A shekarun 1970 ya cika riguna, ta hanyar haruffan da ake mannawa da dutsen guga. Shi ne a sunan Garfield, magen nan na zanen barkwanci, kuma da shi kamfanin jiragen sama na easyJet, wanda aka kafa a Ingila a 1995, yake rubuta sunansa. Da ya shiga cikin Microsoft Office kuwa, sai ya isa kowane shagon buga takardu da ke da kwamfuta.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Cooper Black na kanu ne, da sunan shago, da kalma biyu ko uku. In aka rubuta doguwar sanarwa da shi, ko aka ƙanƙanta shi, farin cikin haruffan sai ya toshe, ido ya gaji. Haka kuma fara'arsa ba ta dace da sanarwar rasuwa ko takardar kotu ba.

Babbar matsalarmu ita ce lanƙwasa. Cooper ya yi zanensa ne domin Turanci, saboda haka babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsa, haruffan da Hausar boko ta dogara da su. Ko da yake tsarin Unicode ya ba su gurbi tun farkon shekarun 1990, sai mai samfurin ya zana su kafin su fito. In babu, kwamfuta kan aro siririn harafi daga wani samfurin, ko ta nuna akwati, ko kuma mai bugawa ya yar da lanƙwasar gaba ɗaya. Nan ne "masaukin baƙi" yake komawa "masaukin baki", mai maganin "ciwon ƙafa" kuma ya wayi gari da "ciwon kafa" a allonsa. Harafi mai ƙiba kuwa yana ƙara fito da kuskuren fili.

Saboda haka shawararmu ga masu shaguna da ƙungiyoyi ita ce, kafin ku biya kuɗin allo ko kalanda, ku sa a buga muku waɗannan haruffa huɗu, manya da ƙanana, ku gani da idonku. In ba su fito ba, a canza samfuri, ko mai zane ya ƙara lanƙwasar da kauri daidai da sauran jikin harafin, bakinta a dunƙule. Masu rubutun allo da buroshi sun daɗe suna yin haka, kuma shi kansa Cooper da hannu ya fara. Allah Ya sa mu dace.