Kaɗanya da Bini-da-zugu: Itatuwan Mai Masu Riƙe Ƙasa

Manoma sun saba da gyaɗa da riɗi, waɗanda sai an yi huɗa an shuka su kowace damina. Amma akwai itatuwa masu ba da mai shekara da shekaru ba tare da sabuwar shuka ba. Yau za mu duba biyu daga cikinsu, gama gatarin masu gawayi ya tasam ma ɗaya.

Na farko kaɗanya. Duk wanda ya fita ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana ya nufi ƙauye zai gan ta tsaye cikin gonakin dawa. Ba ta fara 'ya'ya sai ta kai shekara 15 zuwa 20, amma in ta fara ta kan ciyar da jikoki da tattaɓa-kunne. 'Ya'yanta su kan nuna da farkon damina, watau daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A sha 'ya'yan, mata su dafa ƙwarar su shanya, su fid da man kaɗe na miya da na shafawa. Kusan rabin nauyin ƙwarar mai ne.

Kasuwarta kuwa ta wuce Zazzau. Tun 2000 ƙasashen Tarayyar Turai suka yarda a sa man kaɗe kaɗan cikin cakulan. A watan Agusta 2025 Gwamnatin Tarayya ta tsai da fitar da ɗanyar ƙwara na wata shida, don a riƙa matse man a gida. To, wanda ya sare itacen shekara 50 don buhun gawayi, ina ribarsa?

Manomi ya kan ce inuwarta na rage dawa. Gaskiya ne, amma maganin wannan rage rassa ne, ba sara daga tushe ba. A datse rassan ƙasa, a cire kauci duk inda ya kama. Kada a cinna wa gona wuta da rani, gama lokacin ne ta ke fure, ƙudan zuma na yi mata aiki. Ganyen da ta kakkaɓe taki ne, saiwoyinta kuma na riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe. Ƙananan da suka tsiro da kansu a bar su, a kafa musu alama kada garma ta ci. Haka manoman Maraɗi suka fara yi wa kututturan gonakinsu tun wajen 1983, har ƙasar da ta yi fari ta sake yin itatuwa.

Na biyu bini-da-zugu. 'Ya'yansa na da mai wajen kashi ɗaya cikin uku, mai cin wuta, ana yin sabulu da shi, ana kuma sarrafa shi ya zama man dizal. Amma a yi hattara. A 2003 ƙasar Indiya ta ɗaura aniyar dasa shi da yawa a ƙasa marar amfani don man mota, sai aka tarar ba ya 'ya'yan kirki in babu ruwa da taki. Mutane da yawa suka yi asara.

Saboda haka kada kowa ya ba shi gonar hatsi. Wurinsa shinge. Masu lambu da 'yan gonaki cikin ganuwa su yanki rassansa su kafa a jere gab da saukar ruwa. Akuya ba ta cinsa, ya kan kuma tare zaizaya. Sai dai 'ya'yansa dafi ne, a hana yara, kuma abin da ya rage bayan an matse mai kada a ba dabba, a zuba a gona.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko ya je Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.