Me Ya Sa Manhaja Ɗaya Ke Kwana Tana Sauka? Batun Kompayil Daga Asalin Kod

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba.

Satin da ya wuce muna zaune a wani wurin aiki na haɗin gwiwa a Nasarawa GRA, ta wajen Audu Bako Way, sai wani ƙanenmu ya matso da laftof ɗinsa ya ce, "Yaya, don Allah duba min, tun bayan la'asar abin nan ke ta gudu." MacBook Pro ce ta 2015 da ya saya ta hannu a Farm Centre. Abin da ya rubuta layi ɗaya ne kawai: brew install node. Ana kiran magariba bai gama ba, fanka na ta huci, ƙasan na'urar kamar tukunya. Ya tafi da ita gida a buɗe, wuta ta ɗauke cikin dare, batirin kuma ya riga ya tsufa. Da safe aiki ya koma farko, ga shi ranar ce zai nuna wa mai ba shi kwangila abin da ya yi.

Shi a zatonsa intanet ce ba ta da ƙarfi. Ba ita ba ce. Abin da ya sauke bai kai ya ci wannan lokacin ba. Kwamfutarsa ce ke gina manhajar da kanta.

To, bari mu warware. Fakej manaja, irin su apt a Ubuntu, Homebrew a Mac, Portage a Gentoo, ko pip na Python, hanya biyu yake bi ya kawo maka manhaja. Ta farko, ya sauko da wadda aka riga aka gina, wato bainari. Ta biyu, ya sauko da asalin kod ɗin da mutane suka rubuta, ya miƙa wa kompayila a injinka ya juya shi zuwa yaren da furosesa ke ji. Kamar kayan Sallah ne: ko ka shiga kasuwa ka ɗauki ɗinkakkiya ka sa yau, ko ka yanki shadda a Kantin Kwari ka kai wa tela. Duk riga za ka samu, amma wanda ya kai ɗinki ya san akwai jira.

Me ya jefa ƙanen namu layin tela alhali bai nema ba? Homebrew, wanda Max Howell ya fara a 2009, yana shirya ginannun fakej da yake kira bottles, amma ga sigogin macOS uku na baya-bayan nan yake mayar da hankali. MacBook ta 2015 kuwa a macOS 12, wato Monterey, ta tsaya. Da babu ginannen da ya dace da ita, sai aka koma ginawa daga tushe. Node kuma ba ƙaramin abu ba ne, a cikinsa akwai injin V8, wanda shi ne ke tafiyar da JavaScript a Chrome. Ɗimbin kod ne na C++, yaren da ya yi suna wajen cin lokacin kompayila.

Abubuwa huɗu ne ke yanke tsawon jiran.

Na ɗaya, girman aikin da abin da ya rataya a kansa. Ƙaramar manhaja irin htop cikin minti ɗaya ko biyu ta gama. Amma irin su LLVM, GCC, Rust, Firefox da Chromium, a tsohuwar laftof maganar awanni ake, Chromium ma yana iya cinye yini da dare. Kuma kai fakej ɗaya ka kira, shi kuma sai ya kira 'yan'uwansa goma ko ashirin da ba ya tashi sai da su. GCC ma nasa salon daban ne, a ginin da aka saba sau uku yake gina kansa, a kwatanta na biyu da na uku don a tabbatar sun fito iri ɗaya.

Na biyu, yawan kor a furosesa. Kowane kor tela ɗaya ne. Da umarnin make -j4 kana cewa a raba aikin gida huɗu a lokaci guda. Laftof ɗin ƙanen namu mai inci 13 ce, kor biyu gare ta. Sai dai ku sani, kor takwas ba ya nufin saurin ya ninka takwas daidai, domin akwai matakan da ba sa rabuwa, kamar binciken farko na configure, da haɗa gutsattsarin a ƙarshe su zama manhaja ɗaya.

Na uku, RAM. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Littafin jagorar Gentoo ya ba da shawarar a ware wa kowane aiki kusan 2GB. Ke nan mai 8GB kada ya wuce -j4, in kuma burauza na buɗe ya rage. Ka tara teloli takwas a tebur ɗaya, ai sai dai su yi ta ture juna. In RAM ta cika, injin ya koma juye kaya a faifai, komai ya yi nauyi, ko kuma tsarin ya kashe kompayilan gaba ɗaya bayan ka yi awa uku kana jira.

Na huɗu namu ne na gida: zafi da wuta. A Maris da Afrilu Kano na taɓa digiri 40. Furosesa in ya doshi digiri 100 da kansa yake rage gudu don kada ya lalace. Ka ɗora laftof a kan katifa, ƙurar hunturu ta toshe mata fanka, to aikin ya ƙara tsawo ke nan. Laftof da yawa kuma suna sassauta gudu da zarar sun koma kan batir.

Wani zai ce kuɗin wutar fa? Mu yi lissafi. Laftof mai jan wat 45, ta yi awa 10, ta ci ƙasa da rabin yunit. Ko da farashin Band A na Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, kusan naira 100 ke nan. Asarar ba a mita take ba. Tana wajen lokacinka, da man janareta in shi ka kunna, da katsewar da ke mayar da kai baya. Fakej ɗin da suka riga suka kammala suna nan, amma wanda ake tsakiyar ginawa galibi daga farko zai sake.

To yaya za ka gane kafin ka shiga? Karanta abin da taminal ke faɗa maka. A Homebrew, in ka ga kalmar Pouring, ɗinkakkiya ce, sakanni kaɗan ne. In ka ga ./configure ko make ko cmake, to an shiga shagon tela. A pip, fayil mai ƙarewa da .whl ginanne ne, amma in ka ga Building wheel for ya tsaya cak, gini ake. Masu koyon Python a waya da Termux sun san wannan ciwon da numpy. Maimakon pip, ku gwada pkg install python-numpy, wanda aka riga aka gina domin Android. A Gentoo kuwa emerge --pretend zai jero maka duk abin da zai taɓa ba tare da ya fara ba, genlop -t kuma ya gaya maka tsawon lokacin da fakej ya ɗauka a baya a injinka.

Akwai wata dabara da ta burge ni a littafin Linux From Scratch, wanda Gerard Beekmans ya fara a 1999. Ba sa ce maka abu kaza minti kaza ne, tunda injin kowa daban. Sai su ce ka auna lokacin da fakej na farko, Binutils, ya ɗauka a naka injin, wannan shi ne mudunka, suna kiransa SBU. Sauran duk da shi ake auna su. In naka minti 4 ne, fakej mai SBU 30 ka san awa biyu za ka ba shi.

Kada wani ya ɗauka gini daga tushe wauta ce. Yana da ranarsa: in kana son kunna wani zaɓi da ba a sa a ginannen ba, ko cire abin da ba ka buƙata, ko gyara kod ɗin da hannunka, ko kana son ka fahimci yadda Linux ke haɗuwa. Amma in don sauri ne kawai, bambancin a yawancin ayyukan yau da kullum ba ya kai wahalar. Gentoo kanta, da ta fitar da sigarta ta 1.0 a 2002 kuma aka san ta da gina komai daga tushe, a Disambar 2023 ta sanar da rumbunta na ginannun fakej a hukumance.

In ya zama dole ka gina, ka fara lokacin da ka tabbatar da wuta ko infata, ka ɗaga laftof daga katifa iska ta ratsa ƙasanta, ka rufe burauza, ka hana ta barci. A Mac umarnin caffeinate na yin wannan. In abu ne da za ka riƙa maimaita ginawa, sa ccache, yana ajiye abin da aka riga aka juya don kada a sake.

Shi ƙanen namu, shafin nodejs.org muka shiga muka sauko da ginanniyar sigar da ke aiki a Monterey. Kafin mai shayi ya miƙo mana kofi an gama. Ya kira mai kwangilar ya ba shi haƙuri, aka ɗaga zuwa yamma.

Ku faɗa mana a ƙasa, wane fakej ne ya taɓa kwana da ku, kuma a wace na'ura? Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.