Hurumi da Sababbin Gidaje a Ƙasar Ƙaraye

Garin Turawa yana bakin tafkin madatsar ruwan Challawa, cikin ƙasar Ƙaraye, a yammacin Jihar Kano. An gama ginin madatsar nan a shekarar 1992, tsawon bangonta ya kusa kilomita 8. Da ruwa ya taru sai ya cinye gonaki da fadamu masu yawa, waɗanda abin ya shafa suka tashi suka nemi sabon mazauni. Ƙasar noma ta ragu ke nan, jama'a kuwa sai ƙaruwa suke yi. A ƙidayar 2006 an sami fiye da mutum 140,000 a ƙaramar hukumar Ƙaraye, a Rogo kuwa fiye da 220,000, kuma yaran da aka ƙidaya a goye a wannan shekara yau su ne ke neman inda za su kafa ɗakin aure. Saboda haka idanu suka koma kan filayen da magabata suka keɓe, watau hurumin gari, da makiyaya, da burtali, da gandun daji, da gaɓar tafki. To, wane ne ke da ikon cewa a gina gida a irin waɗannan wurare, kuma bisa wane sharaɗi?

Malamai sun riga kowa sanin asalin maganar, gama tana cikin littattafan fiƙihu a babin raya mataccen fili. A mazhabar Malikiyya kowane gari yana da huruminsa, shi ne inda mutanensa ke zuwa itace da inda dabbobinsu ke kiwo su komo a yininsu, kuma ba wanda zai kange shi ya ce nasa ne shi kaɗai. Wanda ke son raya fili kusa da gari sai ya nemi izinin shugaba, domin a duba ko zai cuci maƙwabta. Shugaba kuma yana iya keɓe makiyaya don maslahar jama'a, yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina saboda dawaki, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya tattara waɗannan hukunce-hukunce cikin littafinsa Ta'alimur Radi. Abin da ake fahimta daga gare su duka shi ne, keɓaɓɓen fili amana ne a hannun shugaba, masu haƙƙi a cikinsa kuwa sun haɗa har da waɗanda ba a haifa ba tukuna.

A zamanin mulkin Nasara da En'e an shimfiɗa wa gandun daji ƙa'ida. Kafin a keɓe daji sai a yi shela, a aiko ma'aikaci ya zauna ya saurari duk mai da'awa, a rubuta haƙƙin kowa, kamar ɗiban itacen girki, da tsintar kaɗanya da ɗorawa, da bin hanyar da ta ratsa dajin. Sa'an nan a kafa alamun iyaka, a buga a gazet. In an so a cire wani yanki daga gandu, shi ma tilas a buga. A shekarar 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya don Fulani da dabbobinsu. Ko da yake talakawa sun sha wuya a hannun waɗansu ma'aikatan daji, ƙa'idar kanta tana da hikima, domin ba a yanke hukunci a ɓoye.

Dokar da ke aiki yanzu ita ce ta amfani da ƙasa ta 1978. Ta sa dukan ƙasar jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana don jama'a. Ƙasar da aka ayyana ta birni tana ƙarƙashinsa kai tsaye, ta karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama a kanta bisa al'ada, tare da kwamitin da zai ba ta shawara. An yi mata iyaka: kada ta ba da fiye da hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, sai da yardar Gwamna. Dokar ba ta ba hakimi ko dagaci ko mai unguwa ikon raba ƙasa ba, amma fa su ne suka san inda burtali ya bi da inda hurumi ya tsaya, don haka shaidarsu tana da nauyi ƙwarai. A shekarar 2024 aka sake kafa masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo, watau an sami majalisa kusa da gida wadda za a iya kai wa ƙorafin iyaka.

Misalin da ya fi kusa da mutanen Turawa shi ne na dajin Ɗansoshiya, a ƙasar Ƙiru maƙwabciyar Ƙaraye. A watan Yuli na 2019 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da shirin kafa rugage saboda gardamar da ya tayar a ƙasa. Gwamnan Kano na lokacin, Dakta Abdullahi Umar Ganduje, ya ci gaba da nasa shirin, ya zaɓi wannan daji don zaunar da makiyaya. A watan Yuni na 2020 ya buɗe gidaje 25 na farko daga cikin 200 da aka yi niyya. Hujjar gwamnati ita ce, in Bafulatani ya sami gida da ruwa da makaranta da likitan dabbobi a wuri guda, zai daina doguwar tafiya zuwa kudu, rigima da manoma ta ragu, nono kuma ya isa kasuwa da wuri.

Hujjar nan ba ta saɓa wa fiƙihu ba, tun da gidajen na masu kiwo ne, dajin kuwa kiwo na cikin amfaninsa. Amma akwai abin lura. Gida yakan jawo gida. Inda aka gina 25 za a bukaci masallaci da kasuwa da maƙabarta, mai shayi ya kafa teburinsa, mai injin niƙa ya biyo shi, kowane magidanci kuma ya so ɗan fili a bayan gida don dawa da wake. In ba a ja layi tun farko ba, aka ce nan ne ƙarshen gari, daga nan kuma na shanu ne, to, wata rana garin da aka kafa don makiyaya shi zai cinye makiyayar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ashe muhimmin hukunci shi ne na iyaka da wanda zai tsare ta bayan an watse daga bikin buɗewa.

Wannan darasi ya shafi gaɓar tafkin Challawa. Itatuwa da ciyawar da ke bakin ruwa su ke riƙe ƙasa. In an sare su aka yi gini, ruwan sama zai kwashi yashi da sharar gidaje ya zuba cikin tafki, tafki ya riƙa cikewa a hankali, kifi ya ragu a komar masunta. Ruwan da ake saki daga madatsar yana bin kogin Challawa ya wuce ta kusa da Kano, inda ake tace shi don sha, ya gangara har Haɗeja. Kuma tafki yana da iyakar cikarsa. Filin da ke bushe a watan Maris yana iya zama ƙarƙashin ruwa a watan Satumba, wanda ya saye shi da rani kuwa bai ga wannan ba. In kuma gidaje suka toshe hanyar mashaya, shanu ba za su fasa shan ruwa ba, ta cikin gonar wani za su bi, daga nan sai faɗa.

Fatake da 'yan kasuwa da ke zuba ribarsu a filaye su yi hattara da awon igiya, watau gonar da ake yankawa fuloti-fuloti ba tare da taswirar hukuma ba. Sashe na 36 na dokar 1978 ya hana yanka ƙasar noman karkara da aka gada zuwa fuloti, sashe na 21 kuma ya ce ba a sayar da izinin zama na al'ada sai da yardar ƙaramar hukuma. Takardar ciniki mai sa hannun shaidu tana nuna an biya kuɗi, amma ba ta mai da burtali ko gandu ya zama mallakar mai saye. Ko mai cikakken izini ma, in gwamnati ta karɓi filinsa don amfanin jama'a, diyyar gini da shuka take biya. Wanda ya gina inda aka hana, ba shi da madafa. Dillali ya riga ya karɓi la'adarsa, asara ta mai saye ce.

Bukatar gidaje gaskiya ce, ba kuwa za a ce wa samari su fasa aure ba. Abin da ya kamata shi ne kowane gari ya fitar da wurin faɗaɗa kansa a kan tudu, nesa da gaɓar ruwa da hanyar dabbobi, a auna shi da tituna da filin makaranta da maƙabarta. In an kawo maganar taɓa keɓaɓɓen fili, a yi shela a kasuwa da masallacin Juma'a, a kira manomi da arɗo da sarkin ruwa da mata masu tsintar kaɗanya, a ji ta bakinsu kafin a sa hannu, a rubuta hukuncin a ajiye kwafinsa wurin dagaci. A kuma sabunta alamun iyaka tun dattawan da suka san wurarensu suna raye. Limamai da alarammomi suna da rabo cikin aikin nan, gama su ake kira shaidar ciniki da rabon gado, kuma in malami ya tambayi asalin fili kafin ya shafa fatiha, da yawa daga cinikin ɓarna ba zai ƙullu ba.

Allah Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, Ya zaunar da ƙasar Ƙaraye da Rogo lafiya, amin.