Zaman Baƙunci a Ingila

Tun da na dawo makarantar nan 'yan'uwana ɗalibai ba su daina tambayata yadda zaman Turai yake ba. Waɗansu suna tsammani aljannar duniya ce, waɗansu kuwa ba su san kome game da ita ba sai labarin sanyi. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na gani da idona, domin mai niyyar tafiya ya san abin da zai tarar.

A watan Satumba na 2022 mahaifina ya sami damar ƙaro ilimi na shekara ɗaya a birnin Birmingham, ya tafi da mu, ni da mahaifiyata da ƙanwata. Mun sauka ana cikin zaman makokin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wadda ta rasu ran 8 ga watan. Birmingham ita ce ta biyu a yawan jama'a bayan Landan, mutanenta sun haura miliyan ɗaya, kuma bisa ƙidayar 2021 kusan kashi 30 cikin 100 Musulmi ne. Saboda haka masallaci da naman halal ba su yi mana wuya ba, musamman a unguwar Small Heath. Doya da manja ma akwai su a kasuwa, amma in ka juya kuɗin doya guda zuwa naira sai ka fasa saye.

Abin da ya fara rikita ni shi ne titi. Su ta hannun hagu suke tuƙi, watau yadda muke yi a Nijeriya kafin 1972. Na yi mako biyu ina duba gefen da ba nan mota za ta ɓullo ba, har ran nan wata bas ta kusa yin awon gaba da ni. Daga nan na koyi tsayawa a wurin tsallakawa, in danna maɓalli, in jira koren fitila.

Na biyu shi ne lokaci. A gida tsawon dare da rana kusan ɗaya ne duk shekara, amma can ba haka ba ne, saboda ƙasar ta yi nisa can arewacin duniya. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 kuwa ta faɗi. Ke nan Azahar da La'asar duk a makaranta suke riskarmu, sai muka roƙi ɗaki muna yin salla lokacin hutun cin abinci. A watan Yuni kuwa sai wajen tara da rabi na dare ake Magariba. Har ila yau suna juya agogo sau biyu a shekara: su mai da shi baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, su tura shi gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris. A 2023 juyin ya faɗo a farkon azumi. Ranar Asabar muka sha ruwa wajen shida da rabi, kashegari kuwa sai bakwai da rabi. Ƙanwata ta ce lalle an cuce ta awa guda, Baba ya yi ta fama da ita cewa agogo ne ya motsa, ba rana ba.

Sanyi kuwa ya fi na hunturunmu nesa ba kusa ba, domin nasu da danshi yake zuwa, wani lokaci har ruwa ya daskare a kan hanya. A shekarar nan kuɗin gas da lantarki sun tashi ƙwarai saboda yaƙin Rasha da Yukren, don haka sa'o'i kaɗan muke kunna na'urar ɗumama ɗaki, sauran lokaci mu jibga riguna uku uku. Likita ya kuma shawarce mu da shan ƙwayar bitamin D, domin hasken ranarsu na lokacin sanyi ba ya isar jiki, balle ga mai baƙar fata.

Amma duk waɗannan masu sauƙi ne. Abin da ya kusa ɓata mini karatu shi ne ladabin da aka koya mini a gida. A wurinmu yaro ba ya ƙura wa babba ido, kuma ba ya yawan magana a gabansa. To, duk lokacin da malamar lissafi ta yi mini magana sai in sunkuyar da kai in yi shiru. Ita kuwa sai ta ɗauka ko ba na jin Turanci, ko kuwa raini ne. Bayan wata ɗaya aka mai da ni rukunin masu rauni, alhali kuwa lissafi ne na fi iyawa. Na ɓoye wa iyayena saboda kunya, har ranar ganawar iyaye da malamai ta zo. Baba ya bayyana mata al'adarmu, ta yi mamaki ta ba da haƙuri, aka sāke gwada ni, na koma rukunin farko. Muna hanyar gida ya ce mini, "Ka ga, kowane gari da irin ladabinsa. A nan kallon ido shi ne alamar kana saurare. In ba ka gane abu ba ka tambaya, matambayi ba ya ɓata."

Mahaifiyata ita ta fi kowa shan wuya. A gida ba a rasa mai sallama, ga biki ga suna ga maƙwabta. Can kuwa ba a zuwa gidan mutum sai an yi alkawari, gaisuwa kuma kalma biyu ce a wuce. Mukan fita mu bar ta ita kaɗai tun safe har duhu. Wata rana na tarar da ita tana hawaye, na ce, "Umma, ko ba ki da lafiya ne?" Ta ce, "Lafiyata lau, kwana uku ke nan ban ji muryar kowa ba sai taku." Maganin abin bai zo ba sai da ta daina jiran a zo mata. Ta fara zuwa karatun mata a masallaci, ta haɗu da matan Somaliya da Pakistan da 'yan ƙasarmu. Ranar Salla ta aika ni da masa gidan wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarmu. Kashegari tsohuwar ta dawo da kwanon da waina irin tasu a ciki, daga nan zumunci ya ƙullu.

Irin tafiyar da muka yi ta ƙara wuya yanzu, domin tun Janairun 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyalinsu, sai masu karatun bincike mai zurfi da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Duk da haka, a cikinmu ba za a rasa wanda karatu ko aiki zai kai wata ƙasa ba. Shawarata gare shi ita ce ya riƙe addininsa da tarbiyyarsa, amma ya buɗe ido ya koyi halin mutanen da ya tarar, ya kuma buɗe baki ya bayyana musu nasa. Iyaye kuma su riƙa tambayar 'ya'yansu abin da ke faruwa a makaranta, domin da Baba bai je ganawar nan ba, da shiruna ya jawo mini asarar shekara guda. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.