Famfo ko mataci: Abin da ya kamata mai a-kori-kurar dizal ya sani kafin ya yi wa motarsa ƙari

Motar a-kori-kura mai shan dizal, wanda direbobi da makanikai suka fi sani da gas, ba kasafai take mutuwa farat ɗaya ba. Takan fara da gardamar tashi da safe, daga nan ta riƙa shaƙewa idan ta ɗauki kaya ta tunkari hawa, sannan hayaƙi ya biyo baya. Kafin mai ita ya ankara, bakanike ya yanke masa hukuncin cewa injektoci sun tafi, wani lokaci har da babban famfon mai. Ga ɗan kasuwar da ke dakon hatsi daga Dawanau, ko jami'in da aka damƙa wa kula da motocin ma'aikata, wannan hukunci na nufin kuɗi masu nauyi da kuma makonnin da mota za ta yi a gareji ba ta kawo ko sisi.

Shi ya sa ake yawan ba masu irin waɗannan motoci shawarar su yi wa hanyar mai ƙari: ko su ƙara mataci, wato filta, ko su ɗaura ƙarin famfo, ko duka biyun. Shawarar tana da tushe. Sai dai abubuwan biyu ba matsayinsu ɗaya ba, kuma wanda ya fi tsada ba lallai ne shi ya fi amfani ba.

Dalilin da sabon inji ba ya da haƙuri

Tsofaffin injinan dizal, irin su 3L da 5L na Toyota Hilux, suna fesa mai ne da ƙarfin da bai wuce ɗaruruwa ba a ma'aunin bar, kuma suna jure man da ba shi da tsabta na tsawon lokaci kafin su nuna gajiya. Sababbin kuwa, waɗanda makanikai ke kira komon-rel, wani lissafi ne daban. A cikinsu akwai 1KD da 2KD masu tambarin D-4D, da 1GD da 2GD da suka fito a 2015, da takwarorinsu na Ford Ranger, Isuzu D-Max, Mitsubishi L200 da Nissan Navara. A waɗannan injina, babban famfo yana matse mai a cikin bututu guda da ƙarfin da ke kamawa daga kusan bar 1,300 zuwa 2,000 ko fiye, sannan kwamfutar mota ta riƙa buɗe injekta tana rufewa sau da dama a kowane bugu. Iskar da ke cikin tayar motar ba ta wuce bar 2 zuwa 3 ba.

Domin riƙe irin wannan matsi, ratar da ke tsakanin ƙarafunan cikin famfo da injekta 'yan maikiron kaɗan ce. Kaurin silin gashin ɗan Adam kusan maikiron 70 ne. Ke nan ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta kankare bakin injekta, kamar yadda yashi ke cin ƙarfe a hankali.

Akwai kuma abin da masu motoci da yawa ba su sani ba: dizal ɗin da kansa shi ne man shafawar waɗannan ƙarafuna. Babu baƙin mai a cikin famfon komon-rel. Idan ruwa ya shiga, santsin ya yanke, ƙarfe ya goga ƙarfe, tsatsa ta biyo baya. Haka ma idan aka gauraya dizal da kananzir, domin kananzir ba shi da santsin da ake buƙata.

A Najeriya kuwa, hanyoyin da datti ke bi ya shiga mai suna da yawa. Ruwan damina na tsiyaya cikin tankunan ƙarƙashin ƙasa na wasu gidajen mai. Ƙurar hunturu na shiga duro da jarka. Tankin mota da aka bari rabi yana haɗa gumi daga ciki idan sanyin dare ya biyo zafin rana, gumin nan ya taru a ƙasan tanki. Ga kuma man 'yan bumburutu da direba ke saya bisa tilas a hanyar ƙauye, wanda babu mai iya cewa ga inda ya fito.

Mataci ne farkon abin dubawa

Ƙarin da ya fi dacewa da wannan yanayi shi ne matacin farko mai raba ruwa da mai, wanda ake ɗaurawa tsakanin tanki da matacin kamfani. Yawanci yana tare dattin da ya kai maikiron 10 zuwa 30, kuma yana da kwano a ƙasa, sau da yawa mai haske, inda ruwa ke kwanciya tun da ya fi dizal nauyi. Aikinsa shi ne ya ɗauke babban kaya, ya bar matacin kamfani ya ji da ƙananan ƙwayoyi. Wasu kuma sukan zaɓi ɗaura mataci mai laushi, na maikiron 2 zuwa 5, a bayan na kamfani, ya zama shinge na ƙarshe kafin famfo.

Jerin yana da muhimmanci. Mai faɗin ido a gaba, mai laushi a baya. Idan aka juya su, mai laushin zai toshe cikin ɗan lokaci, famfo ya riƙa zuƙo mai da ƙyar, kumfa ta haɗu a cikinsa ta riƙa cin ƙarfe. Wanda ya sayi mataci don ya kare famfo sai ya wayi gari matacin ne ya kashe shi. Haka nan dole girman matacin ya dace da yawan man da ke wucewa, wanda ya zarce abin da inji ke ƙonawa nesa ba kusa ba, domin wani kaso mai yawa yana komawa tanki ta bututun dawowa bayan ya sanyaya famfo da injektoci.

Ba a cire matacin kamfani don an ƙara wani. A Hilux, misali, a jikinsa ne na'urar da ke kunna fitilar gargaɗin ruwa take, da kuma ɗan famfon hannu da ake dannawa don fitar da iska.

Ya kamata kuma a san iyakar mataci. Yana tare datti da ruwa, amma ba ya cire kananzir, ba ya kuma rage sinadarin sulfa. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince cewa sulfar da ke cikin man da ake shigowa da shi kada ta wuce kashi 50 cikin miliyan, yayin da a Tarayyar Turai iyakar kashi 10 ce. Tabbatar da wannan a Najeriya aikin hukumar NMDPRA ne da matatun mai, ba aikin kwanon da ke ƙarƙashin bonet ba.

Famfo: maganin wata cuta daban

Ƙarin famfon da ake magana a kai ƙaramin famfon lantarki ne da ake ɗaurawa kusa da tanki, yana turo mai da ɗan matsi domin kada babban famfo ya wahala wajen zuƙowa. Kamfanoni irin su FASS da AirDog na sayar da shi haɗe da matatai biyu da hanyar fitar da iska.

Farin jininsa ya samo asali ne daga Amurka, inda manyan a-kori-kura ke da matsalarsu ta daban. Injinan Duramax na kamfanin GM, har zuwa samfurin 2016, suna fitowa ne ba tare da irin wannan famfo ba. Sannan ga famfon Bosch CP4, wanda ya yi ƙaurin suna saboda idan santsi ya gaza masa yakan niƙe kansa, ya watsa garin ƙarfe cikin injektoci da bututu har zuwa tanki. A 2021 an janye motocin Ram sama da 220,000 samfurin 2019 da 2020 domin a musanya musu wannan famfo da tsohon samfurin CP3. Mai irin waɗannan motoci, ko da a nan yake tuƙa ta, yana da hujjar duba batun famfo da idon basira.

Amma galibin a-kori-kurar da ke titunan Kano, Kaduna da Abuja ba su cikin wannan sahu. Babban famfon Denso da ke cikin Hilux yana da nasa ƙaramin famfon a ciki wanda ke zuƙo mai daga tanki, kuma an ƙera shi ne don ya yi hakan. Ɗaura masa wani mai turo mai da ƙarfin da ya wuce ƙima na iya takura robobin da ke hana yoyo, ko ya rikita lissafin kwamfuta. Idan kuma ƙarin famfon ya mutu a hanya, wani samfurin toshe mai yake yi gaba ɗaya. Ƙarfin gudu ma ba ya ƙarawa ga injin da ba a taɓa shi ba, duk da abin da masu talla ke faɗa. Inda yake da hujja shi ne idan an ƙara tanki na biyu, ko bututu ya yi tsawo, ko an auna an ga mai ba ya isa bayan ƙarin matatai. A nan ma sai da fis da rile, kuma ya riƙa tsayawa da zarar inji ya mutu.

Abin da ke faruwa a gareji

Wasu halaye da aka gada daga zamanin tsofaffin injina suna rushe duk wannan tanadi. Cika sabon mataci da dizal daga jarka kafin a ɗaura shi yana zuba man da ba a tace ba kai tsaye a ɓangaren da ke fuskantar famfo. Wanke tsohon mataci da fetur a hura masa iska yana yaga takardar ciki. Jabun mataci kuwa kwalinsa ba ya bambanta da na gaske, kuma ana cin karo da shi a kasuwannin kayan gyara, don haka rahusar da ta wuce hankali abar tuhuma ce. Mafi haɗari shi ne sassauta bututun injekta inji na aiki da sunan fitar da iska: a matsin komon-rel, feshin mai na iya huda fatar hannu, raunin da ke buƙatar asibiti nan take ko da ya yi kama da ɗan tsini.

Motar da garantinta bai ƙare ba, a tuntuɓi dila tukuna, domin taɓa hanyar mai na iya soke shi. Motar gwamnati kuma a nemi izini a rubuce.

Bayan an ɗaura, sauran aikin na direba ne. Ya riƙa leƙa kwanon kowane mako, kullum idan damina ce ko an sha mai a hanya, ya kwance makunnin ƙasa ya tsiyaye ruwan cikin kwalba mai haske har sai dizal zalla ya fara fitowa. Idan ruwa ya sake taruwa kwana biyu bayan shan mai a wani wuri, sai ya rubuta sunan gidan man da ranar a littafin mota, ya nuna wa mai ita.