Yadda Ake Siffanta Masoyi a Cikin Littafi

Iyaye da yawa sukan tarar da littafin soyayya a hannun 'ya'yansu, su rasa abin yi. Su ƙwace ne, ko su ƙyale? To, kafin mu yanke shawara, bari mu duba abin da ke jawo yara ga waɗannan littattafai. Babban abin shi ne siffantawa, wato yadda marubuci yakan zana mutum da wuri da kalmomi har mai karatu ya ga kamar yana wurin.

Labarin soyayya ba baƙo ba ne a Hausa. Tun a 1934 aka buga Jiki Magayi a Zariya, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da Rupert East. Labarin Abubakar ne da Zainab, wadda wani mai dukiya ya aure. A 1980 kuma kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, labarin wata yarinya Bafulatana. Bayan wannan sai marubuta suka yawaita a Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna. Gardama ta tashi a kan littattafan, har a 2007 aka ƙone waɗansu a Kano bisa zargin suna ɓata tarbiyya.

Siffantawa iri biyu ce. Akwai ta aro. Yarinya kullum fara ce, doguwa, mai gashi har gadon baya, kamar ta fito daga fim ɗin Indiya. Saurayi kuwa ba ya rasa mota da gidan bene. Yarinyar Katuru ko ta Zurmi ta karanta wannan, ta dubi kanta, sai ta raina halittarta. Wata ma har ta shiga neman man canza fata. Wannan hasara ce babba.

Akwai kuma ta gaskiya, wadda takan fito daga idon marubuci. Maimakon ya ce yarinya tana da kunya, sai ya nuna mana tana tona ƙasa da yatsan ƙafa, tana jan bakin mayafi. Maimakon ya ce saurayi yana sonta ƙwarai, sai mu gan shi ya taka keke daga Ƙauran Namoda cikin hunturu, ƙura ta rufe masa gira, don ya gaishe ta kawai. Ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari, da kukan raƙuma ran kasuwar Shinkafi, da zangarniyar gero lokacin kaka, duk kayan aiki ne. Waƙar Waƙoƙi ma da barewa da kurciya da rumman na ƙasarsu ta kwatanta masoya.

Marubucin kirki kuma ya san iyakarsa. Yakan bayyana fuska da hali da magana, amma in ya kai ƙofar ɗaki sai ya saki asabari.

Saboda haka, iyaye, kada mu yi saurin ƙwacewa. Mu karanta tare da yaranmu, mu tambaye su, "Wannan yarinya, me aka ce game da halinta?" Ku kuma samari da 'yan mata masu sha'awar rubutu, ku fara duban mutanen garinku da kyau, sa'an nan ku ɗauki alƙalami.